Jan ɗigo a kan Glock 19: ƙarami zan saya ko babba?

Baban Ummi, Houston:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Manyanmu barkanku da war haka, ƙannena sannunku da aiki. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar harbin wasa a ƙasar nan ta Amurka.

Ina da ƙaramar bindiga Glock 19 samfurin MOS, wadda tun daga kamfani aka fafe mata gurbi a sama don ɗora na'urar saiti. Bisa ƙa'ida na saye ta, da cike fom 4473 na masu sayen bindiga da binciken da ake yi wa kowa. A akwatin ƙarfe mai lamba take kwana saboda yara, ranar Asabar kuma in babu aiki nakan leƙa filin harbi. Shekaruna 47, kuma tun da na fara sa tabarau na karatu saitin ƙarfen nan ya zame mini jidali. In na kafa ido a kan ƙarfen gaba sai ya yi dishi-dishi. In na sa tabarau ɗin karatu, ƙarfen ya fito sarai, allon da nake auna kuma ya ɓace. Shi ya sa na ƙudurta sayen na'ura mai jan ɗigo.

To a nan gizo ke saƙar. A shago an nuna mini Trijicon RMR iri biyu, ɗaya an rubuta 3.25 MOA, ɗaya 6.5 MOA. An kuma nuna mini Holosun 507C mai ɗigo 2 MOA da zobe 32 MOA kewaye da shi. Yaron shagon ya ce ƙaramin ɗigo shi ne na gwanaye, babban kuwa rufe abin da kake auna yake yi. Wani abokin aikina da ke zuwa gasa ya ce ƙarya ne, in sayi babba. Na yi hayar bindiga a filin, mai ɗigo 2 MOA, don in gani da idona. Abin da na gani bai yi kama da ɗigo ba, wani jan abu ne mai wutsiya da ta karkata ƙasa ta hagu, kuma duk sanda na ɗaga bindigar sai na yi ta lalube kafin ya bayyana a gilashin.

Harbina bai wuce yadi 25 ba, yawanci ma yadi 7 zuwa 15 ne. Ina sha'awar shiga ƙaramar gasar USPSA, wato ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, da ake yi a unguwanninmu, rukunin Carry Optics na ƙananan bindigogi masu na'urar saiti, kuma bindigar ita ce dai ta gida. Kuɗin RMR ya doshi kuɗin bindigar kanta, ba abin da mutum zai saya ya zo yana cizon yatsa ba ne. Wanne girman ya dace da ni? Ita kuma wutsiyar nan, na'urar ce ta lalace ko idona ne?

Injiniya, Dallas:
Wa alaikumus salam Yaya. Bari mu fara da lissafi, don shi ne zai kashe maganar yaron shagon.

MOA ma'aunin kusurwa ne, kashi ɗaya cikin 60 na digiri guda. A nisan yadi 100, MOA ɗaya yana rufe inci 1.047, a ce inci ɗaya kawai. A yadi 25 ke nan rubu'in inci ne da ɗan ɗoriya. Saboda haka a yadi 25 ɗin da ka ce shi ne iyakarka, ɗigo 2 MOA zai rufe rabin inci, na 3.25 zai rufe inci 0.85, bai ma kai faɗin kwabon kwata ba, na 6.5 kuma inci 1.7. In ka matso yadi 10, shi babban da ake ba ka tsoro da shi bai kai kashi uku cikin huɗu na inci ba.

Yanzu dubi allon USPSA. Gidan A na tsakiyar allon, mai maki 5, faɗinsa wajen inci 6 ne, tsawonsa wajen inci 11. Ta yaya inci 1.7 zai rufe maka wannan?

Ga wanda ya fi wannan. Ƙarfen gaba da kake harbi da shi yanzu, faɗinsa a yawancin bindigogi tsakanin 0.125 ne da 0.150 na inci. Ka miƙa hannu, tsakaninsa da idonka wajen inci 25. In ka buga lissafi da 0.14 za ka samu kusan MOA 19, wato a yadi 25 yana rufe maka wajen inci 5. Shekara da shekaru kana harbi da abin da ya ninka babban ɗigon kusan sau uku, ba ka taɓa cewa ya rufe maka allo ba. Ni dai a ganina, a ƙaramar bindiga, maganar rufewa ba ta tasowa sai an haura yadi 50, ko kuma abin da ake auna ɗan mitsitsi ne.

Baban Ummi:
Ikon Allah. Injiniya, wannan lissafin na ƙarfen gaba ban taɓa jin wani ya kawo shi ba. Ke nan 6.5 zan ɗauka?

Injiniya:
Dakata tukuna Yaya, kada ka zaro katin banki. Maganar wutsiyar nan ce gaba, ita kuma ba fannina ba ce. Hajiya Maman Sadik tana aiki a asibitin ido, bari ta shigo.

Maman Sadik, Atlanta:
Ga ni Injiniya, yanzu na tashi daga aiki. Baban Ummi, ina gajiya, ya su Ummi da mamanta?

Abin da ka kwatanta, ɗigo mai wutsiya, ko ya zama tauraro, ko ka ga biyu ko uku a manne, yawanci astigimatizim ne. Fatar gaban ido da haske ke ratsawa ba ta lanƙwasa daidai ta kowane ɓangare ba, sai hasken da ya kamata ya taru wuri ɗaya ya baje. Mutane da yawa suna da shi kaɗan ba su sani ba, sai sun kalli ɗan ƙaramin haske mai ƙarfi. Ka tuna yadda fitilar mota take bajewa a hazon Disamba a hanyar Kano zuwa Zariya? To haka idon yake yi wa ɗigon. In da dare kana ganin fitilun titi suna fitar da zare-zare, ka riga ka samu rabin amsa.

Akwai gwaji mai sauƙi, a shagon ma za ka iya yi. Ka riƙe na'urar a hannu, wadda ba a ɗaura ba, ka kalli ɗigon, sannan ka juya ta a hankali. In wutsiyar ta juya tare da na'urar, laifin na'ura ne. In na'urar tana juyawa wutsiyar tana nan inda take, ƙasa ta hagu, to idonka ne. Ko ka ɗauki hoton ɗigon da waya: in ya fito kewayayye a hoto, na'urar lafiyarta ƙalau. Ko ka huda takarda da allura ka leƙa ta ƙofar, in ɗigon ya tattaru ya zama guda, nan ma ido ne.

Ita kuwa matsalar da ta sa ka fara sa tabarau na karatu daban take. Wannan ta shekaru ce, daga 40 zuwa sama ido yake rage iya kama abu na kusa. A nan jan ɗigo taimakonka zai yi ƙwarai, domin an tsara shi ne ya bayyana kamar yana can nesa tare da allon. Ba ɗigon za ka kalla ba, allon za ka kalla, ɗigon ya sauka a kai. Saboda haka kada ka yi harbi da tabarau na karatu. Ka je a auna idonka, ka faɗa wa likitan a fili cewa don harbi ne, a yi maka gilashin ganin nesa mai gyara astigimatizim, a kuma yi shi da irin robar da ba ta tarwatsewa, tunda dama dole ne a kare ido a filin harbi. In kana sa gilashin nan mai hawa-hawa, sama nesa ƙasa kusa, ka kula da yadda kake sunkuyar da kai, don ta inda ka leƙa ta nan za ka gani.

Game da girma kuma, ga abin da na lura. Ƙaramin ɗigo, kafin ka gan shi da rana sai ka ƙara masa haske, hasken nan kuma shi ne yake bajewa a ido irin naka. Babban ɗigo kana iya rage masa haske ka kuma gan shi, gefensa ya fi fita tsaf. Ni tawa Sig P365 XL ce, da Holosun 407K mai ɗigo 6 MOA, kuma ina da astigimatizim a idon dama. Da gilashina a fuska, in na rage hasken, ƙwallo nake gani. Wasu kuma kore ya fi yi musu, don ido ya fi saurin kama koren haske. Amma ba kowa ba ne, akwai wanda koren ya fi baje masa. Sai ka gwada da naka idon.

Baban Ummi:
Lafiya lau suke Hajiya, suna gaishe ki. Fitilun titi kam sun daɗe suna yi mini zare-zare, na ɗauka kowa haka yake gani. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Damagaram, Greensboro:
Salamu alaikum. Ku yi mini uzuri, ni da mita nake lissafi. MOA ɗaya a mita 25 milimita 7 ne da 'yan kai. Ɗigo 6.5 ke nan ya kusa santimita 5, na 3.25 kuma bai kai santimita 2 da rabi ba.

Lissafin Injiniya daidai ne, amma ban yarda a kori ƙaramin ɗigo haka da sauƙi ba. Ƙarami kana iya mayar da shi babba: ƙara haske, zai kumbura. Babba kuwa ba ka da yadda za ka yi ka ƙanƙantar da shi. Rannan da mutum ya ci gaba, ya fara son tara harsasai biyar wuri guda a mita 25, ko harbin ƙananan faifan ƙarfe daga nesa, zai so ƙaramin. Kuma a gasar da yake magana, akan sa allon da aka rufe rabinsa da fari, wanda in ka taɓa shi a rage maka maki, a bar maka 'yar tsaga. A can za ka san amfanin ƙarami. Ba banza ba ne 3.25 ya zama wanda aka fi gani a kan RMR, kuma Aimpoint ACRO P-2 ma 3.5 aka yi mata. Tsakiya ke nan. Ni 3.25 nake da shi kuma ban taɓa jin ya gaza mini ba.

Maman Sadik:
Malam, shekarunka nawa, kuma kana sa gilashi?

Ɗan Damagaram:
31 ne Hajiya, kuma idona garau, alhamdu lillahi.

Maman Sadik:
To ka gani. Kumburin da kake samu in ka ƙara haske, kai ƙwallo ne yake ƙara girma. Shi kuwa wutsiya ce take ƙara tsawo.

Tsohon Soja, San Antonio:
Duk na karanta. Ɗana Baban Ummi, akwai magana guda a tambayarka da kowa ya tsallake, kuma ita ce babba. Ka ce in ka ɗaga bindiga sai ka yi lalube kafin ɗigon ya fito. Wannan ba girman ɗigo ne zai magance shi ba. Ko 12 MOA aka ba ka, in bakin bindigar yana kallon sama ko gefe, gilashin wayam za ka gani. Saitin ƙarfe yana yafe maka, don tun bindiga tana hanya kana ganin ƙarafan kana gyarawa ba ka ma sani ba. Ɗigo ba ya yafiya. Ko yana cikin taga ko ba ya ciki.

Maganinsa a falonka yake. Cire gidan harsashi, ja saman bindigar baya, duba cikin bututun da ido, sa ɗan yatsa ka taɓa, ka sake dubawa. Harsasai su koma wani ɗaki, a rufe. Zaɓi bangon da ka san babu kowa a bayansa. Manna 'yar takarda. Kafa ido a kan takardar, ido biyu a buɗe, ka kawo bindigar zuwa layin idonka, kada ka kai kanka wurin bindiga. In ɗigon bai fito ba kada ka yi ta kaɗa hannu, tsaya cak ka duba ina ƙarfen gaba yake. Ga sababbi, yawanci ɗigon yana can sama, sai an ɗan danne bakin ƙasa. Ƙara matse hannun da ke tallafawa. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

In ka saba, sai ka liƙa salatif a gaban gilashin, ta wajen bakin bindiga. Ido ɗaya zai ga ɗigo, ɗayan zai ga allo, ƙwaƙwalwa ta haɗa su. In ka ga allon ya ɓace, to ɗigon kake kallo, ka koma kan allo.

Batun girma, zan faɗi nawa. Hannun kowa yana rawa. Ƙaramin ɗigo mai haske yana nuna maka rawar nan ƙarara, sai sabon maharbi ya tsorata, ya tsaya jiran ɗigon ya natsu, da ya ga ya zo tsakiya sai ya fizgi kunama, harsashi ya tafi ƙasa ta hagu. Babban ɗigo ba ya rage rawar, amma ido ba ya ganinta da yawa, sai mutum ya matsa kunama a natse. Bayan harbi ma, lokacin da saman bindigar ya je baya ya dawo, babban ya fi saurin komawa ido. Bayan 1990 da Jerry Barnhart ya ci gasar ƙasa ta USPSA da jan ɗigo, Doug Koenig kuma ya ci ta duniya a Adelaide a shekarar, masu harbin sauri da yawa 6 ko 8 suke zaɓa a na'urorinsu na jan ɗigo ƙirar C-More. Mutanen da ke neman kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ke nan. Mai shekara 47 da ido irin naka, 5 zuwa 6.5. Ɗan Damagaram yana da gaskiyarsa, amma gaskiyar mai shekara 31 ce.

Baban Ummi:
Baba, na gode. Ƙasa ta hagu kuwa nan harsasaina suke zuwa in na gaji, kamar kana tsaye a bayana.

Auta, Phoenix:
Iyayena da yayyena ku ba ni dama. Ni ina harbin Carry Optics, kuma ina ga akwai wani girman da ya kamata Kawu Baban Ummi ya duba, wato na tagar kanta. Tagar RMR milimita 22 ce a faɗi, 16 a tsayi. Ta Trijicon SRO kuwa 25 da 22.5, kuma kewayayya ce. Bambancin tsayin nan shi ne ke sa ɗigon ya daɗe a cikin gilashi in bindiga ta yi shuri sama. SRO tana zuwa da 1, 2.5 ko 5 MOA, mazauninta ɗaya da na RMR, batirin kuma ta sama ake sa shi. Ni mai 5 nake amfani da ita. A RMR batirin CR2032 a ƙasa yake, sai ka kwance na'urar kafin ka canza, ka ɗaura, ka koma fili ka tabbatar saitin bai goce ba. Sau ɗaya ne dai a shekara ga yawancin mutane, amma aiki ne.

Sai dai gaskiya SRO ta gasa ce. In ta faɗi a kan siminti ta ka, ba ta da juriyar RMR mai kafaɗun nan biyu da ke ɗauke bugu. Tunda bindigar Kawu guda ce, gida da gasa, sai ya auna.

Kuma kada a raina 507C. Maɓalli kake dannawa ka zaɓi ɗigo kaɗai, ko zobe kaɗai, ko duka biyu. Zoben 32 MOA a yadi 10 bai wuce inci 3 da ɗan wani abu ba, a kusa sai ka ɗora zoben a gidan A ka matsa. Batirinta CR1632 ta gefe yake fita kamar aljihun tebur, tana kashe kanta in an ajiye, ta farka in an taɓa, kuma kuɗinta bai kai na Trijicon ba.

Maman Sadik:
Auta, zoben nan ga mai astigimatizim sa'a ce. Wani zoben kaɗai yake kunnawa ya ji daɗinsa, wani kuma zobe da ɗigo su cakuɗe masa su zama jan gajimare. Ya leƙa da sabon gilashinsa kafin ya biya.

Na Minneapolis:
Ku mutanen Texas ba ku san dusar ƙanƙara ba. Duk waɗannan da kuka lissafa buɗaɗɗu ne, ɗan fitilar da ke jefa ɗigon a fili yake a bayan gilashi. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa kansa, sai ka ga ja ya watsu ko'ina. Ni rufaffiya nake amfani da ita, Holosun EPS, akwai ta da 6 MOA. ACRO da Holosun 509T ma rufaffu ne. Houston da ruwan sama da gumi, a yi tunani.

Auta:
Gaskiya ne, amma a tuna masa kowacce da irin mazauninta. ACRO da 509T ba sa hawa farantin RMR kai tsaye, sai da nasu farantin daban. EPS ma haka.

Sabon Shiga, Kano:
Salam. Ni ina gida Najeriya, wani ɗan'uwa ne ya sa ni a nan. In na tura kuɗi akwai wanda zai taho mini da irin wannan na'urar in zai zo hutu? Kuma ƙanena yana karatu a Oklahoma, zai iya zuwa filin ya koya?

Shugaban Zaure:
Malam barka da zuwa, amma amsar ta farko a'a ce, kuma ina roƙon kada kowa ya biyo shi ta bayan fage. Na'urorin saitin bindiga suna cikin kayan da gwamnatin Amurka ta sa wa takunkumin fitarwa, sai da lasisi. Jefa ta cikin akwati a tafi filin jirgi laifi ne da ke kai mutum kurkuku. A gida kuma Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. Duk abin da muke tattaunawa a nan na mazauna Amurka ne da doka ta ba su dama.

Shi kuma ƙanenka, in da bizar karatu yake, dokar tarayya ta hana masu irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi, ko da haya ce a filin harbi, in ban da 'yan togaciya kamar mai lasisin farauta. Kada ya dogara da maganar abokai, ya tambayi lauya ko ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsu. Takardun zamansa sun fi harbin Asabar.

Mu kuma masu zuwa fili, jakar harbi daban, jakar tafiya daban. Harsashi ɗaya da ya maƙale a aljihun jaka ya isa ya ɓata wa mutum tafiya gida.

Sabon Shiga:
Na fahimta ranka ya daɗe. Na janye.

Baban Ummi:
Jama'a na dawo da rahoto. Na je an auna idona, Hajiya kin canka: astigimatizim ne a ido biyu, na dama ya fi. An yi mini gilashin nesa. Da shi na koma shagon, na sa suka fito da na'urorin na jera su a kan kanta, na kuma roƙi a bar ni in leƙa ta ƙofar gilashi zuwa wajen ajiye motoci, don hasken cikin shago ba irin na rana ba ne.

Na yi gwajin juyawa, wutsiyar tana nan daram in na cire gilashi. Da gilashi kuwa, ɗigo 2 MOA ya gyaru sosai, amma da na ƙara masa haske don ya fito a kan farar motar da ke waje, sai wutsiyar ta ɗan leƙo. Zoben 507C shi kaɗai ya yi mini kyau, haɗe da ɗigo kuma ya cakuɗe, yadda Hajiya ta ce. Na 3.25 ba laifi, Malam Ɗan Damagaram, da shi kaɗai ne a shagon da na ɗauka ban yi ƙorafi ba. Amma da na ɗaga 6.5 na rage haske, sai ga ƙwallo sumul, gefensa a yanke. Kore bai yi mini ba sam. SRO mai 5 ta burge ni, tagar kamar ba ta ƙarewa, sai dai na tuna maganar Auta ta siminti, ga shi bindigar guda ce. RMR mai 6.5 na ɗauka, RM07 aka rubuta a kwalin.

Saura ɗaurawa. A kwalin Glock akwai faranti mai lamba 02. Shi ne? Kuma a yadi nawa zan daidaita saitin?

Ɗan Damagaram:
Allah ya sa albarka Yaya. In ka fara tara biyar wuri guda a mita 25 ka turo hoto, sai mu sake zama.

Injiniya:
Eh, 02 shi ne na RMR. Amma kula da sukurorin. Waɗanda ke zuwa cikin kwalin RMR sun yi wa farantin MOS tsawo, akwai 'yar ledar da Trijicon ke sayarwa daban don Glock MOS, da gajerun sukurori da siririn faifan da ke hana ruwa shiga wurin batir. Sukuru in ya yi tsawo zai tokare ƙasa, ka ji kamar ya ɗauru alhali na'urar tana motsi. Goge mai daga ramukan, sa ɗan shuɗin gam na sukuru, shuɗi fa, ba ja ba, ja sai da wuta yake kwancewa. A ɗaure da sukundireba mai auna ƙarfi, gwargwadon abin da takardar kamfani ta ce, sannan ka ja layi da alƙalamin fenti daga kan sukurun zuwa jikin na'urar. Rannan da layin ya rabu, ka san ya fara kwancewa.

Ƙarafan Glock na asali gajeru ne, ba za ka gan su ta cikin tagar ba. In kana son madogara ranar da batir ya mutu, sai an sa dogaye, waɗanda za su ɗan leƙo a ƙasan gilashin kawai. Kuben da kake da shi ma duba ko an yanke masa wurin na'ura.

Saiti kuma, fara a yadi 10 ka ɗora hannu a kan jaka, ka tabbatar a 25. Kowane ƙas ɗaya na sukurun daidaita saitin RMR MOA ɗaya ne, wato a yadi 10 kusan kashi ɗaya cikin goma na inci. In harsasai sun taru inci ɗaya hagu, ƙas 10 ke nan zuwa dama. A yadi 25 kuwa inci ɗaya ƙas 4 ne. Harba biyar kafin ka taɓa komai, ka bi tsakiyar tarin, kada ka bi harsashi ɗaya. Da babban ɗigo, ka yi amfani da baƙin da'ira mai faɗin inci 3 a yadi 25, yadda za ka ga baƙi ya kewaye jan daidai ta kowane gefe.

Tsohon Soja:
Kada ka sayi sukundireban, ina da shi, da gam ɗin. Jibi Asabar zan shigo Houston wurin jikokina. Ka sayi ledar sukurorin kafin nan, ka zo da takardar da ke cikin kwalin da irin harsashin da za ka riƙa harbawa, don da shi za mu daidaita. Gam ɗin yana son kwana guda kafin a yi harbi, saboda haka Asabar mu ɗaura a gidanka bayan La'asar, Lahadi ƙarfe tara mu haɗu a filin.

Baban Ummi:
Allah ya kawo ka lafiya Baba. Maman Ummi ta ce a tambaye ka, tuwon shinkafa ko masa?

Tsohon Soja:
Masa. A gaya mata kada ta cika yaji, likita ya sa mini ido.